Gadon Yaya Zaidu

Na'Allah ya shigo ɗakin gaggawa na asibitin Filinge goye da wansa Zaidu, yana haki. Karo na huɗu ke nan tun da aka gano sankarar hanji a jikin Zaidu. Daga Damana ya ɗauko shi a babur, yana ta nishi a bayansa.

"Likita, ki taimaka! Cikin ya sake ɗaurewa!"

Likita Ruƙayyatu ta nuna gado, ta rufe ƙofa. Na'Allah ya kwantar da wansa.

Sai nishin ya tsaya cak. Zaidu ya tashi zaune, ya sauko da ƙafarsa.

"Yaya, mi ke nan?"

"Yau lahiyata lau. Kai za ka kwanta."

Na'Allah ya ja da baya. "Ni? Basir ne kawai, ina shan sassaƙe."

"Haka ni ma na yi ta hwaɗi shekara biyu, har lokaci ya ƙure mini. Matarka ta gaya mini jinin da take wankewa a wandonka. Sau uku ina roƙonka ka zo a duba ka, ka ƙiya." Zaidu ya tare ƙofa, duk ya rame, sai ƙashi da fata. "Ni tawa ta ƙare. Ɗiyana bakwai, wa zan bar ma su in kai ma ka biyo ni?"

Na'Allah ya juya wajen likita. Ta riga ta sa safar hannu, shi take jira. A hankali ya cire takalminsa.