Fuskar Kaka Sabuwa

Juwairiya Ashafa ba ta iya zama shiru ba tare da hankalinta ya tafi yawo ba. A ɗakinsu na Akurba za ka gan ta riƙe da fensir, ido a buɗe, amma ita tana can Keana, inda kakarta Sabuwa ke dafa gishiri. Tana ganin tururi na tashi daga tukwane, ƙasa ta yi fari fat, tsohuwar na tafe a hankali kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

A shekarar 2009 ta gamu da wasu matasa a intanet, suna haɗa wasan kwamfuta na kyauta wanda kowa zai iya sa hannu a cikinsa. Suna neman zanen tsohuwar da za ta riƙa ba matafiya guzuri. Wa Juwairiya za ta zana in ba Kaka ba? Ta je Keana ta zaunar da ita, ta fitar da komai: wushiryar, ɗan tabon goshi, murmushin nan mai kashe fushi, da ƙwaryar gishiri a hannunta. A ƙasa ta rubuta sunanta a matsayin mai zane.

Da ta je kafen intanet tura zanen, sai shafin ya ce ta zaɓi lasisi, wato sharuɗɗan da jama'a za su bi wajen amfani da shi. Rubutu ne mai tsawo. Idonta ya faɗa kan layi guda: duk wanda ya ɗauka dole ya ambaci mai zane. Nan take ta lula. Ga sunanta yana haye teku, ga yaran wata ƙasa suna karɓar gishiri daga hannun Kaka.

Ugondo mai kafe ya ƙwanƙwasa tebur. "Taim naka ya kusa ƙare fa. Ka danna kawai, abeg, duka ɗaya ne."

Ta danna. Sauran layukan, masu cewa kowa na iya sauya zanen, ya yi kasuwanci da shi, kuma izinin ba ya janyuwa, ko kallo ba su samu ba.

Wasan ya fito, kuma ya yi kyau, ba na musu. Watanni Juwairiya tana tafiya kamar a kan gajimare.

Wata ranar kasuwa kawunta Saleh ya shigo gida fuska a murtuke, ya jefa mata wata 'yar leda a cinya. Ledar barasar ogogoro ce. A jikinta ga Kaka tana murmushi, an cire ƙwaryar gishirin daga hannunta an sa kwalba. A ƙasa ga sunan mai zane, ba a rage ko harafi ba.

"Uwata ce wannan," in ji shi. "Duk tasha ana tsotson fuskarta ana yarwa a kwata."

Ta rubuta wa masu wasan tana kuka. Suka ba ta haƙuri, suka cire zanen daga wasansu, amma suka gaya mata gaskiya: izinin da ta ba duniya ya riga ya fita.

A Keana yara suka fara bin tsohuwar suna kiran "Mama Ogogoro". Matar da ta shekara hamsin a bakin tukwane ta daina leƙa waje. Juwairiya ta je ta durƙusa a gabanta. Kaka ta dube ta, ta ce:

"Jikalle, na ce ki zana ni. Ban ce ki raba ni ba."

Jama'a, ba da zane kyauta alheri ne, amma lasisi alkawari ne da ba a warwarewa. Ku karanta shi har ƙarshe kafin ku danna, kuma kada ku kyautar da fuskar wani ba da saninsa ba.