Karkarwar Baba Akanmu

Ina ɗaura wa Baba Akanmu ruwan magani, sai ga matarsa Iya Ronke da 'yan cocinsu masu fararen riguna.

Iya Ronke ta ce, "Nas, cire masa. Yau kan dutse za mu kai shi addu'a."

Sankarar jini gare shi, ga wata ƙwayar cuta da ake kira fangas ta shiga jinin. In ya bar magani yanzu, sai dai wani, ba shi ba. Na yi bayani, ko kallona ba su yi ba.

Sai Baba ya hau karkarwa, har gado na jijjiga. Maganin fangas kan sa haka, amma a cocinsu karkarwa saukar Ruhu ce. Duk suka zube ƙasa.

"Ruhu ya ce a bar ni nan sai na gama magani," in ji Baba. "Kuma a kawo tuwon amala."

Da suka fita na raɗa masa, "Baba, tun makon jiya aka canja maka magani. Wannan ba ya sa karkarwa."

Ya buɗe ido ɗaya.

"'Yata, rage murya. Tun da na aure ta, yau ta fara jin maganata."