Ƙarar da Ta Ƙi Mutuwa

"Wallahi akwai ƙara!" na ce wa daraktan fim ɗinmu. "Ƙiii take yi kamar sauro. Ba zan ɗauki sauti a haka ba."

"Haba Kunnen Zomo! Mun kashe maka janareto, mun kashe fanka. Saura mu daina numfashi ko? Ka dai ce kekenka ya tsufa."

Keken turawar nan mai ɗauke da kayan sautina shi ke ciyar da ni da mahaifiyata. Na durƙusa a gabansa, na canza waya, na canza batir, na ciro wani makirfo daga durowar ƙasa. Ƙarar tana nan daram.

Sai jarumar fim ɗin ta matso. Ta sunkuya ta ɗago igiyar hedifon ɗina daga ƙasa.

"Yaya," ta ce a hankali, "ai tun ɗazu ba a jone take ba."

Na cire hedifon ɗin daga kaina. Kowa ya yi tsit, amma ƙarar ba ta tsaya ba.

Na dubi keken. Komai na cikinsa ina da na canji. To kunne fa, a wace durowa zan samo shi?