Koriyar Tukunyar Gas

Wata uku bayan gobarar, Muntaka ya fara iya riƙe cokali da kansa. Da hannun nasa ya motsa, abin da ya fara nema shi ne kuɗin mota zuwa Kano.

Shekara goma sha huɗu yana gyaran firji da esi mai sanyaya ɗaki a Ɗanbatta. Daga Makoɗa har Kunchi, in injin sanyi ya tsaya, shi ake kira. Amma shekarar nan ta zo da tsanani. Kwanon gero ya gagari magidanta, taki ya zama sai wane da wane, sannan tsohon gas ɗin esi, mai koriyar tukunya, ya yi ɓatan dabo. A rediyo an ce yana huda rufin da ke tare mana zafin rana a sama, shi ya sa ake rage shigo da shi. Injinan da ke garin kuwa duk tsofaffi ne, ba su san wani gas ba sai shi.

Da Hajiya Safiyatu mai kemis ta ce magungunanta na lalacewa don zafi, Muntaka ya sayar da tumakin matarsa Barira, da yardarta, ya tafi Sabon Gari shagon Alhaji Nababa ya biya tukunya guda. Direban motar Ɗanbatta ya rantse ba zai ɗauki gas cikin fasinja ba, dole ya baro ta a shagon. Bayan kwana biyu yayansa Badaru, da yake zai shiga birni a babur, ya ce zai taho masa da ita.

Ta iso babu kwali, ledar bakinta a yage. Badaru ya ce masu shinge ne a hanya suka buɗe suna neman na goro. Muntaka ya jijjiga ta, ya ji nauyinta daidai, ya yi godiya.

Ran aikin Badaru ya biyo shi har kemis, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana cewa ko a bari sai rana ta yi sanyi. Muntaka ya yi dariya, ya ɗura gas, ya ji bututu na yoyo. Ya saki abin da ya ɗura, ya ɗauko abin waldarsa. Ya ji wari, amma ya ɗauka daga abin waldar ne, don shi ma da gas yake aiki. Koriyar tukunya ba ta kama wuta, wannan ko sabon shiga ya sani.

Ya ƙyasta ashana.

Badaru ne ya kutsa cikin hayaƙin ya jawo shi. Shi ya kai shi asibiti, shi ya riƙa ba shi kunu a baki, shi ya je ya durƙusa gaban Hajiya Safiyatu har ta janye maganar 'yan sanda. Rabin kemis ɗin ya ƙone. A gari aka ce Muntaka ya ɗura wa baiwar Allah gas ɗin girki don ya ci riba, Allah ya kama shi. Waɗanda ya yi wa aiki shekara da shekaru suka koma amsa sallamarsa a taƙaice. Barira ta daina zuwa suna da biki.

Da damina ta sauka Badaru ya noma gonarsa da ta ƙanen. Tasa ta sha taki, dawa ta yi baƙi ƙirin, mutane na tsayawa kallo. Duk yamma sai ya zo ya zauna kusa da tabarmar Muntaka, ya yi ta kallon hannuwan da ke naɗe.

"Yaya, ina warkewa zan je wurin Alhaji Nababa," in ji Muntaka. "Ya dubi idona ya faɗa mini abin da na yi masa."

"Ka bar shi da Allah," Badaru ya ce. "Mai kuɗi ne, mu talakawa. Me za ka samu?"

"Sunana."

Sau uku yana sa rana, sau uku Badaru na kawo dalili. Ran Lahadi, Badaru na kasuwa, Muntaka ya sa tukunyar a buhu, Barira ta ɗaura masa a kafaɗa. Bai gaya wa direba abin da ke ciki ba.

A shagon ya sauke buhun, ya zare tsumman hannuwansa ya ɗora su kan kanta. Fatar ta tattare, yatsu biyu sun manne da juna. Ya faɗi abin da ya faru ba tare da ɗaga murya ba, masu sayayya suka yi cirko-cirko.

Alhaji Nababa ya yi salati. Ya buɗe bakin tukunyar kaɗan, ya sunsuna, ya yi maza ya rufe.

"Wannan gas ɗin girki ne. Tukunyar dai daga nan ta fita, ban musa ba."

"To me na yi maka, Alhaji?"

Alhajin ya daɗe yana dubansa, kamar mai son ya gane ko da gaske yake tambayar.

"Malam Muntaka, ni ban sayar maka da gas ba. Ran da yayanka ya zo, cewa ya yi ka fasa, na mayar masa da kuɗinka, ya roƙe ni wannan tsohuwar tukunyar da babu komai a cikinta, na ba shi kyauta."