Malami Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Littafin binciken Dakta Gimbiya ya yi wata huɗu a kan teburin Malam Nuruddeen, kuma ba abin da yake yi da shi sai ɗora kofin shayi. Bai taɓa buɗe shi ba. Sunan da ke jikin bangon kaɗai ya ishe shi ɓacin ran yini guda.

To, ina laifinsa? Shi ne babban mai duba makarantu a Kaura Namoda, shekara ashirin da uku a bakin aiki. Shida daga ciki ya yi su ne a wata firamare ta ƙauye bayan Moriki, inda ko littafin malami babu, zamanin da ba ya son a tuna masa. Daga baya ya ƙaro ilimi, har ya wallafa nasa littafin kan dabarun koyarwa. Yawancin kofen suna nan ƙarƙashin gadonsa, gara na karatu.

Sai ga yarinyar da aka haifa jiya, wai masaniyar yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe karatu. Ta bi Zurmi da Shinkafi da Kaura tana farautar tsofaffin ɗalibai, direbobi da 'yan tireda da matan aure, tana gwada abin da ya rage musu na firamare. Yau jami'o'i har na ƙasashen waje da ita suke kafa hujja. Abin yana cin Nuruddeen kamar tsutsa a goro.

Ɗaliban malamai arba'in ta gwada, kuma bisa ƙa'idar bincike ta ɓoye sunayen malaman, ta ba kowa lamba. Na mai lamba goma sha bakwai suka yi wa saura fintinkau. A bakin mutane Nuruddeen ya ji sirrin: wai mutumin ba ya gaggawar sabon darasi, sai ya cinye rabin safiya yana tambayar yara abin da suka koya makon jiya da watan jiya. Dakta ta ce wannan tunowar ce ke kafe ilimi a kai.

Nan hassadarsa ta rabu biyu, rabi ga Dakta, rabi ga wani ƙato da bai ma san fuskarsa ba.

Ana haka aka gina cibiyar horar da malamai ta ƙananan hukumomin uku. Kujerar shugabanta Nuruddeen ya daɗe yana mafarki, har babbar riga ya bayar ɗinki. Kwatsam sai ya ji kwamiti na shirin miƙa ta ga mai lamba goma sha bakwai, da zarar Dakta ta fito da sunansa. Ranar ko tuwo bai iya haɗiya ba.

Sau uku Dakta Gimbiya ta zo ofishinsa. Sau uku ya sa aka ce ya fita rangadi. A na ƙarshe ma sito ya shige, ya laɓe cikin karyayyun kujeru har ya ji tashin motarta.

Ranar zaman kwamiti ya miƙe da takarda shafi tara.

"Wanga ba hikima ba ce, lalaci ne!" in ji shi. "Na san irinsu sarai. Malamin da bai da abin koyarwa shi ka kashe safiya da tambaye-tambaye, don kada yara su gane hannunai wayam ya taho."

Dakta ta ɗaga hannu, ya ce ba a katse babba. Ya kawo aya, ya kawo doka, ya yi gumi har hularsa ta jiƙe. Da ma Allah ya ba shi baki. Kafin azahar shugaban kwamiti, Alhaji Mainasara, ya sallama. Aka rubuta cewa mai lamba goma sha bakwai, ko wane ne, ba zai hau kujerar ba har abada, kuma Dakta za ta miƙa sunansa gobe don a kiyaye. Nuruddeen ne ya fara sa hannu, da ƙaton rubutu.

Yana tayar da babur, zuciyarsa fara ƙal, sai Dakta ta tsaya a gabansa. Idonta ya yi ja.

"Malam, sau uku na zo neman izininka, don ba a bayyana sunan mutum sai da yardarsa," ta ce a hankali. "Ɗalibanka na bayan Moriki har yau ba su manta kome ba. Kai ne lamba goma sha bakwai."