Nonon Wa Uwani Ta Sha

Tun da safe jikina ya ba ni yau ba za a wanye lafiya ba.

Yanzu asibiti na gyara ƙananan ƙwayoyi masu rai na cikin yaro, waɗanda ya sha a nono. Gyaran farko ya tsayar wa 'yata Uwani gudawa. Yau na kai ta na biyu, mai sa abinci ya kama jiki.

Malamar asibiti ta ce, "Baban Uwani, kowanne shi kaɗai alheri ne. In sun haɗu, asalin ƙwayoyin ke yanke hukunci. Wani yaron ya yi ɓulɓul, wani ya bushe. Nonon wa ta sha?"

Na ce, "Uwarta ta rasu ranar suna. Matan unguwa suka shayar da ita."

"Su nawa?"

"Duk mai goyo."

Ta ajiye cokalin maganin gyaran da ta ɗebo. Na dubi hannun Uwani, awarwaronta ya zame har hammata.

Na ce, "Malama, ba ta kawai."

Uwani ta lashe ta ce, "Baba, da zaƙi."

Mun dawo gida. Ban san ƙwayoyin wace mace ke cikinta ba, ban kuma san ko za su karɓi gyaran ba.