Murfin Motar Idris

Hadijatu, Yalwa, Idris, ku matso. Hadijatu ce za ta karanta takardar nan idan an sa abincin Juma'a, don in da baki zan yi magana, Idris ba zai bar ni in kai ƙarshe ba. Ku ci, ku saurara. Kada wanda ya tashi daga gaban tire sai an gama.

Shekara biyu ke nan da Idris ya sayar da wanet ɗin ubanku, motar da ta shekara goma sha ɗaya tana kai tukwanen uwarku Mina duk lokacin Hajji. Ya dawo daga Jidda da akwatunan katako shida. Wani Bature injiniya ne ya sa aka aiko masa su daga ƙasarsu, aka canja masa wurin aiki kafin ya buɗe, ya nemi wawa ya samu.

Aka buɗe. Ƙarafa, ƙusoshi, tayoyi, da wani littafi mai zane-zane. Wai mota ce, amma kai za ka harhaɗa abarka da hannunka.

Wata goma sha tara yana durƙushe a rumfar da wanet ke kwana. Baƙin mai ya malalo har inda ake alwala. Daron wankin uwarku ya koma mazubin ƙusoshi. Abin da ya fito daga wannan wahala ba rufi, ba ƙofa, kujera biyu, ga shi a ƙasa kamar makara mai taya. Mutum da gemunsa sai ya kwanta kafin ya shiga.

Uwarku ta tambaye shi buhu nawa take ɗauka.

"Ya Ummi, wannan ba ta kaya ba ce, ta nishaɗi ce. Ji nan." Ya cire murfin injin da hannu ɗaya ya miƙa mata. "Alminiyam zalla. Kin ji wani nauyi?"

Ta ƙwanƙwasa shi, ta juya shi, ta auna tsawonsa da tafin hannu, ta mayar masa.

Hajjin bara da jakin haya ta je Mina, tana da shekara sittin da bakwai. A cunkoson hanya babban tiren tagullar da take zuba wa alhazai abinci ya zame daga kan jaki, dubban ƙafafu suka bi ta kansa. Sau huɗu tana gaya wa Idris ya nemo mata wani. Sau huɗu yana cewa bukura, wato gobe, in sha Allahu, kansa na cikin inji.

Da Hajjin bana ya matso sai ya rantse a gaban mutanen unguwarmu Jarwal, wai motarsa za ta riga ta kowa shiga Mina. Sannan ya lulluɓe ta da tamfol ya tafi Jidda aikin ɗauko alhazai, don sauran wani ƙarfe bai iso ba. Ya dawo bayan salla, ya yaye tamfol, ya tarar da inji tsirara. Murfi ya yi ƙafa.

Ranar da aka binne ubansa bai yi irin kukan da ya yi ranar ba. Kun gani da idonku.

Nan take ya nuna Yunus, maƙerin kwano da ke zaune a zaurenmu. Yunus da ƙafa ya zo, ta Chadi da Sudan, shekara bakwai a hanya, ya yi Hajji ya zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Shi ke gyara mana fitila da buta. Matarsa Asiya ga ta nan da ciki wata takwas. Hujjar Idris ita ce ya tsinci ɓarɓashin farin ƙarfe ƙarƙashin maƙerarsa, kuma maƙwabta sun ji guduma yini biyu kafin a fita Mina.

"Kai Yunus, ka ji tsoron Allah, ina murfina?"

Yunus ya dubi ƙofar madafa, ya dubi ƙasa. "Yallaɓai, ni ban yi sata ba."

"To wa ya ɗauka?"

Kwana tara ana tambayarsa, kwana tara bai ƙara kalma ɗaya ba.

Jiya Idris ya ce magana ta ƙare, gobe Asabar da safe zai je jawazat, ofishin shige da fice, ya kai sunan Yunus. Kun san abin da ke biyo baya. Za a ɗaure shi, a sa shi a jirgin ruwa, Asiya ta haihu ba miji a ƙasar da ba ta da kowa. Duk a kan gwangwanin da bai taɓa kai ko tulun zamzam ƙofar gida ba. Wallahi in na tuna ni na haifi mai wannan tunani, kunya ke kama ni.

Saboda haka ku yanke maganar nan yau, kafin la'asar. Hadijatu, ke ce babba, ki faɗa wa ƙaninki ko ran mutum uku ya kai darajar abin wasansa. In ya dage sai an hukunta wani, to a hukunta wanda ya ba da aikin, ba wanda aka sa ba.

Yalwa, idan kun cinye, ki kife tiren nan a gaban yayanki ya karanta lambar motarsa da ke bayansa, don rantsuwarsa ba ta faɗi ba: motarsa ta riga ta kowa shiga Mina, a kaina ni uwarku, ɗauke da shinkafar mutum arba'in.